Darasi na Tara: Ruwan da Ya Fita Gidanki, Ina Yake Zuwa?

Lokaci: zama biyu, bayan an gama zubi an rufe akwati.

Kayan aiki: littafin ƙungiya, kwalabe biyu masu haske, igiya mai tsawon mita 30, da sandar yin zane a ƙasa.

Abin da za mu koya: yadda ruwan wanka da wanki da wanke-wanke ke komawa gulbi, ɓarnar da yake yi a can, da yadda ƙungiya za ta tare shi tun daga gida da kuɗin akwatinta.

Abin da littafinmu ya tona

Na daɗe ina jagorantar ƙungiyoyin adashi a ƙauyukan bakin fadama tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, kuma ni ma ina zubi a ƙungiyar garinmu kamar kowace mace. Wannan darasi daga littafin ƙungiyarmu ya fito.

A daminar 2021, tun watan Agusta bai raba ba, ma'ajiyarmu ta zazzage jakar taimakon juna a kan tabarma, ba ko sisi. Ranar kuwa mata biyu ne suka zo neman taimako. Aka yi tsit. Na ce wa magatakarda ta karanto mana dalilin kowane kuɗi da ya fita tun faɗuwar ruwan farko. Ta fara: gudawa, amai da gudawa, kuɗin mota zuwa asibiti, ƙarin ruwa, zazzaɓi, gudawa kuma. Har da sunana a ciki, don autana ya kwana uku ana yi masa ƙarin ruwa. Allah ya tashi kafaɗunsa. 'Yar wata daga cikinmu kuwa ba ta dawo gida ba, Allah ya jiƙanta. A wannan shekarar kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jiharmu ta Kebbi tana cikin waɗanda abin ya shafa.

Muna zaune jugum sai wata dattijuwa, wadda duk muke kira Inna, ta nuna kwatar da ta ratsa ta ƙofar gidan da muke taro. Ta ce, "Ku ɗiyana, wanga ruwa da kuka zubarwa kullum, ina shika zuwa?"

Wata ta ce, "Waje mana, Inna."

Ta ce, "Waje ina? Ku tashi mu bi shi mu gani."

Muka yafa mayafai muka bi kwatar nan. Ta fito daga makewayin gida uku, ta haɗu da ruwan wanke-wanken mai tuwon sayarwa, ta bi ta bayan inda muke jiƙa shinkafa, ta wuce ta gindin rijiyar unguwa da taki bai fi biyar ba. Daga nan ta faɗa kududdufi. Kududdufin kuma ya cika ya tumbatsa, yana malala cikin fadama, daidai inda yaranmu ke wanka, inda mu kanmu muke ɗiban ruwa ranar da tuƙa-tuƙa ya lalace. A bakin kududdufin ga kashin yara nan birjik. Ba wadda ta ce uffan har muka dawo. Inna ce kawai ta ce, "To, kun gani. Ruwa ba ya tsami banza."

Hanyar da ruwan ke bi

Ki zana wannan a ƙasa da sanda, mata su kewaye.

Gulbin Rima yana gangarowa ta madatsar Goronyo, ya haɗu da Gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, ya biyo ta Argungu, ya wuce ta Birnin Kebbi. Can gaba ya karɓi ruwan Gulbin Zamfara wanda ya biyo ta Jega, sannan ya faɗa Kogin Kwara. Kwara kuma ta gangara Yawuri, inda ta buɗe ta zama Tafkin Kainji, tafkin da ya samu bayan an gama madatsar Kainji a 1968. Dubban masunta ne ke ci daga wannan tafki.

Yanzu ki sa tsakuwa ɗaya a inda ƙauyenku yake. Ki tambayi mata: su wa ke sama da mu, su wa ke ƙasa da mu? Za su ga cewa abin da na sama suka zubar mu ke sha, abin da muka zubar kuma na ƙasa ke sha. Ba ƙauyen da ya tsira daga wannan layi.

Mu Kabawa ba baƙin kiyaye ruwa ba ne. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta tabbatar da sulhu tsakanin Kabi da Sakkwato, a kan doka ya tsayu: ba a su a Matan Fada sai ranar da aka ba da izini, kuma akwai Sarkin Ruwa mai kula da wannan. Da ba a kiyaye ba, da ba a ga giwan ruwan da ake fitowa da shi da homa da gora ba. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya da ya wajaba a adana. Sai dai Sarkin Ruwa yana iya hana mai homa shiga ruwa, amma ba ya iya tsayawa a bakin kwatar kowane gida. Wannan gadin namu ne, mu da ke riƙe da bokiti.

Addini ma ya riga mu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin bawali a ruwan da ba ya gudu, ya kuma hana yin bahaya a mashaya da kan hanya da inuwar da mutane ke zama.

Kaya huɗu da ruwan datti ke ɗauka

Ki cika kwalba ɗaya da ruwan kwata, ɗaya da ruwan rijiya, ki ajiye su a gaban mata har a gama bayani.

Na farko, ƙwayoyin cuta. Ido ba ya ganinsu. Mafi yawansu daga kashi suke fitowa, har da kashin jariri wanda muke rainawa. Su ke kawo kwalara da taifot da gudawa da tsutsar ciki. Tsargiya kuma, wato fitsarin jini da muke gani ga yara maza masu yawan wanka a gulbi, ga yadda take yawo: mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin katantanwa, daga nan ya fito ya huda fatar wanda ya shiga ruwan. Ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke faɗa. Ciwo ne, kuma yana da magani.

Na biyu, ragowar abinci: ƙanzo, tsaki, maiƙo, hanjin kifi, ruwan jiƙon shinkafa. In sun shiga ruwa sai su ruɓe, ruɓewar kuma tana cinye iskar da ke cikin ruwan, wadda kifi ke shaƙa. Abin ya fi muni da rani, lokacin da gulbi ya janye ya bar tafkuna tsaye. In kin ga kifi ya taso sama da asuba yana buɗe baki, iska ce ta ƙare masa.

Na uku, sabulu da garin wanki da taki, na gida da na zamani. Abin da ke sa shuka ta yi kyau a gona, shi ke sa gansakuka da kainuwa su rufe fuskar ruwa. In sun rufe, jirgi ba ya wucewa, taru ba ya shiga, in sun mutu kuma su ruɓe su ƙara cinye iskar.

Na huɗu, guba: maganin feshi, baƙin mai, ruwan batir. Wannan ba ramin da ke tace shi. Maganinsa ɗaya ne, kada ya shiga ruwa tun farko. Tunda noman shinkafa ya bunƙasa a fadamarmu, musamman bayan shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a ƙarshen 2015, injin feshi ya shiga kusan kowane gida, kuma da yawa a bakin gulbi ake wanke shi.

Yanzu ku dubi kwalbar ruwan kwata. Za ku ga laka ta kwanta a ƙasa, maiƙo ya taso sama, tsakiya ya ɗan washe. Wannan shi ne sirrin duk aikin da za mu yi: a bar ruwa ya huta, mai nauyi ya kwanta, maiƙo ya taso a kwashe, sauran a ba ƙasa da saiwar tsiro su tace. Amma ki ja kunnen mata: washewa ba tsarki ba ce. Ƙwayoyin cuta suna nan a ciki.

Matakai shida

Mataki na 1: Raba ruwa. Ruwan wanka da wanki da wanke-wanke hanyarsu daban. Duk ruwan da ya taɓa kashi, kamar na wanke fo da tsumman jariri da na tsarki, masai za shi, ba kwata ba. Kafin wanke-wanke, a kankare kwanuka a ba kaji ko awaki. Hanjin kifi da ɓawonsa a binne su a gindin itace.

Mataki na 2: Tarkon maiƙo. Ki samu tsohon bokitin fenti ko jarka mai lita 20 ko 25, a binne shi a inda ruwa ke fita daga madafa ko makewayi. Ruwa ya shigo ta sama ta cikin ɗan kwando ko tsohon mataci. Bututun fita kuma a lanƙwasa bakinsa ya kalli ƙasa, ya nutse cikin ruwan kamar tsawon tafin hannu, don ya ɗebi na tsakiya ya bar maiƙo a sama, laka a ƙasa. A rufe da murfi. Duk mako a kwashe maiƙo da laka a binne. Aikin minti biyar ne, amma in an bar shi duk sauran aikin ya lalace.

Mataki na 3: Gwada ƙasa. Kafin a haƙa komai, a tona ɗan rami mai zurfin kamu ɗaya, a cika shi da ruwa, in ya tsotse a sake cikawa da yamma. In da safe an tarar ya shanye, ƙasar mai yashi ce, sai a yi ramin tsotse ruwa. In ruwa na nan tsaye, laka ce, sai a yi lambun tace ruwa.

Mataki na 4: Ramin tsotse ruwa, wanda magina ke kira sokawe. Faɗinsa mita 1, wato kamu biyu, zurfinsa mita 1 zuwa 1 da rabi. A cika shi da duwatsu ko fasassun bulo ko marmara, manya a ƙasa, matsakaita a tsakiya, tsakuwa a sama. Bututu daga tarkon maiƙo ya shiga tsakiyarsa. A shimfiɗa buhu a kai, a rufe da ƙasa. Sharuɗɗa biyu ne ba a sassauta su: ramin ya yi nisan mita 30 daga kowace rijiya, wato kamar taki 40 na babban mutum, kuma gindinsa ya fi ruwan ƙarƙashin ƙasa tudu da aƙalla mita 1 da rabi. In kina son sanin inda ruwan ƙasa yake, ki leƙa rijiyar da ta fi kusa a ƙarshen Agusta, ba a watan Maris ba. Kada kuma a haƙa shi jikin katangar ƙasa, zai jiƙa ta ta zube.

Mataki na 5: Lambun tace ruwa, don gidajen da ke kan laka ko kusa da fadama. Mu ga yadda muka yi a gida mai mutum goma: kwari mai tsawon mita 4, faɗin mita 1 da rabi, zurfin da ya kai gwiwa, da ɗan gangare kaɗan. Aka daɓe gindinsa da laka, aka cika da tsakuwa, manya a bakin shiga da bakin fita, ƙanana a tsakiya. A ciki aka dasa jema, ciyawar nan ta fadama da ake saƙa da ita, don saiwarta tana da yawa kuma tana jure ruwa da fari. Ruwa yana bi ta ƙarƙashin tsakuwa a hankali, saiwoyi da ƙananan halittun da ke manne da su suna cinye dattin. Ruwan kada ya fito sama, in ya kwanta a fili kin gina wa sauro gida. Wanda ya fita ta ɗaya bakin a kai shi gindin ayaba ko gwanda ko zogale. Ba a sha, ba a alwala da shi, ba a ba latas da duk ganyen da ake ci ɗanye.

Masu sana'ar turara shinkafa, ruwan jiƙonku ya fi na gida yawa da ƙarfi. Ku haɗu ku yi masa rami na daban inda zai huce ya kwanta kwana ɗaya, sannan ya wuce lambu.

Mataki na 6: Masai da bakin gulbi. Duk abin da muka faɗa a sama, in ana bahaya a fili, ɗiban ruwa ne da kwando. Masai ma yana bin dokar mita 30 da ta mita 1 da rabi. A inda ambaliya ke kaiwa, kamar yadda muka gani a 2020 lokacin da ruwa ya cinye gonakin shinkafa da gidaje a jiharmu, a ɗaga bakin masai sama da ƙasa da bulo da cikon ƙasa, kada ruwa ya shiga ya kwaso abin da ke ciki. Wadda ta samu hali ta yi rami biyu: in ɗaya ya cika a rufe shi shekara 2 ana amfani da ɗayan, bayan nan abin da ke ciki ya bushe ya zama taki. A riƙa zuba toka, a rufe bakin, a ajiye buta da sabulu a ƙofa. Kada kowa ya shiga ramin masai don yasa ko ɗauko abin da ya faɗa, iskar ciki tana kisa nan take.

A bakin gulbi kuma, a ɗebo ruwa a yi wanki can kan tudu, ruwan kumfa ya shiga ƙasa. A dasa layin jema a gaɓa, yana riƙe ƙasa yana tare datti. Injin feshi a wanke shi a cikin gona, nesa da ruwa. Robar maganin a huda ta don kada yaro ya zuba ruwan sha a ciki.

Kuskuren da muka yi

Ba zan ɓoye muku ba, ramin farko da muka yi ya ba mu kunya. Muna ɗoki, ba mu gwada ƙasa ba, ba mu sa tarkon maiƙo ba, don mun ga kamar ɓata kuɗi ne. Gidan kuwa a kan laka yake. Wata biyu ba a yi ba ramin ya toshe, ruwa ya dawo tsakar gida, wari ya hana su cin abinci a waje. Maigidan ya ce a zo a cike masa ramin nan kafin ya dawo daga kasuwa. Matar ta zo taro ranta a ɓace, ta ce, "Malama, ni dai a ba ni kuɗina. Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Gaskiyarta ce. Na ba ta haƙuri a gaban kowa, don ni na ce a haƙa a nan. Ƙungiya ta yarda a gyara mata ba tare da ta ƙara ko kwabo ba. Muka cike ramin, muka yi mata lambu da tarko. Yau ayabar da ke bayan ɗakinta ita ke biya mata zubin wasu makonni, kuma ita ce ke zagayawa da sababbin ƙungiyoyi tana nuna musu yadda ake kwashe maiƙo. Amma da mun yi gwajin dare ɗaya, da ba a kai ga ɓacin rai ba. Ku kada ku tsallake mataki na 2 da na 3.

Ina kuɗin zai fito?

Irin wannan adashi namu na akwati mai makulli uku, a Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar aka fara shi a 1991, da sunan Mata Masu Dubara, tare da ƙungiyar CARE. Tun daga farko ƙa'idarsa ita ce mata su warware matsalarsu da abin hannunsu. Ga hanyoyi uku da muka bi.

Ta farko, jaka ta uku. Bayan jakar zubi da ta taimakon juna, muka buɗe jakar tsafta. A ce ku 25 ne, kowace ta sa naira 200 a mako, kun tara naira 5,000 a mako, naira 20,000 a mako huɗu. Ku aiki mata biyu kasuwa su tambayo kuɗin bututu da siminti da ladan magini a ranar, sannan ku lissafa gida nawa jakar za ta ɗauka a wata. Da aka kawo shawarar nan wata ta yi dariya ta ce, "To, wannan dai shi ne kuɗin ruwan da malamai ba za su hana ba." Sunan ya bi jakar har yau.

Ta biyu, gayya. Abin da ya fi cin kuɗi shi ne haƙa da ɗaukar dutse. Matasan gidajenmu suka yi haƙa, mu muka yi musu fura da tuwo. Fasassun bulo a kangaye muka roƙo, jema a fadama muka ciro. Abin da aka saya bai wuce bututu da ɗan siminti ba.

Ta uku, rance daga jakar zubi, ga mai son yin masai. Dokar rance ba ta canza ba: kada ya wuce ninki uku na abin da mace ta tara, kuma a rubuta ranar biya. Amma ku tuna masai ba ya kawo riba kamar sayar da ƙuli-ƙuli. Kafin a ba ta, a tambaye ta daga wace sana'a za ta biya. Ya fi sauƙi mace ta ware wani abu daga kasonta ranar rabon ƙarshen zango.

Wa za a fara yi wa? Nan ne rigima ke tashi. Mu ba mu jefa ƙuri'a ba. Mun ɗauki igiyar mita 30 muka auna, gidan da kwatarsa ta fi kusa da rijiya ko gulbi shi ne na farko, ko da matar gidan ba ta cikin shugabanni. Gidan shugabarmu shi ne na goma sha ɗaya, kuma ba ta yi ƙorafi ba. A rubuta jerin a littafi, a karanta a gaban kowa. Lokacin aiki kuma rani ne, daga bayan girbi zuwa kafin ruwan farko.

Magana da maigida da masu gari

Ba a haƙa rami a gidan mutum ba da saninsa ba. Kada ki fara masa da maganar tsafta, zai ji kamar gori ne. Ki fara da lissafi: nawa muka kashe a asibiti bara, kwana nawa ka bar gona kana jinya. In masunci ne, ki tambaye shi yadda kamun bana yake in an gwada da na shekarun baya, shi zai ba ki labarin da kansa.

Bayan mun gama gida biyar, muka aika wakilai uku wurin mai unguwa, shi ya kai mu ga hakimi. Abu biyu muka roƙa: a hana zuba shara da bahaya a bakin kududdufi, a kuma keɓe wurin wanki nesa da mashaya. Liman ya yi huɗuba a kai. Ku sani kuma kuna da hurumin neman taimakon hukuma. A Nuwamban 2019 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da gangamin kawar da bahaya a fili, kuma a 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta kai ga haka. Jigawa ma ƙasar fadama ce kamar tamu. A nan Kebbi akwai hukumar ruwa da tsaftar karkara, RUWASSA, akwai kuma jami'an duba-gari a kowace ƙaramar hukuma. Ku gayyace su su duba wurin kafin a haƙa masai.

A daminar da ta biyo, jakar taimakon junanmu ta kai ranar rabo da sauran kuɗi a ciki. Ba zan ce rami kaɗai ya yi wannan ba, don a shekarar mun dage da wanke hannu da sabulu da sa maganin tsarkake ruwan sha, kuma lafiya ta Allah ce. Amma kwatar da muka bi ranar nan ta bushe, har yara na wasan langa a wurin.

Tunatarwa: in gudawa ta kama yaro, kada a jira. A ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi. In babu, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsafta. A ci gaba da ba shi nono. In gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, ko yana amai ba tsayawa, ko idonsa ya faɗa, asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Don irin wannan ranar aka yi jakar taimakon juna.

Tambayoyin tattaunawa

1. A littafin ƙungiyarku, sau nawa aka fitar da kuɗin taimako saboda gudawa ko zazzaɓi a daminar da ta wuce? Nawa ne jimillarsu?

2. Wane ƙauye ne ke sama da ku a bakin gulbi, wane ne ke ƙasa? Akwai ƙungiyar mata a can da za ku iya ziyarta?

3. Ƙasar unguwarku yashi ce ko laka? Wane mataki ya dace da ku?

4. Wadda take gidan haya, ko wadda maigidanta ya ƙi, yaya ƙungiya za ta taimaka mata?

Aikin mako

Kafin zama na gaba, ku bi kwatar unguwarku da ƙafa tun daga inda ta fara har inda ta ƙare, ku tafi da mafi tsufa a cikinku, don ita ta san inda ruwa ke bi shekarar da ya yi yawa. Kowace mace ta yi gwajin ƙasa a gidanta ta zo da amsa. Mata biyu su auna nisan kowane masai da kowace kwata daga rijiya da igiyar nan, magatakarda ta rubuta. A zama na gaba za mu tsara jerin gidaje, mu kuma yanke abin da kowace za ta riƙa sawa a jakar tsafta.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka a akwatinmu. Amin.